Ciwo Ɗan Aike Ne, Kada A Toshe Masa Baki

A shekarar 1995 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ingila, mai suna David Pearce, ya fito da wani ra'ayi mai ban mamaki. Cewa ya yi ilmin kimiyya zai iya sake ƙirar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta hanyar magunguna da gyaran ƙwayoyin gado, har a wayi gari ba sauran mai jin zafi ko baƙin ciki a bayan ƙasa. Watakila mai karatu ya ce ina ruwan mutumin Ƙaraye ko Rogo da zancen Turawa? To, da ruwansa ƙwarai, domin mun riga mun ɗanɗana irin wannan girki.

Duk wanda ya san aikin damina a ƙauyukanmu, ya san yadda waɗansu samari 'yan ƙwadago kan haɗiyi ƙwayar tiramol tun da sassafe, wai don kada su ji gajiya. Gajiyar kuwa tana nan, bakinta kawai aka toshe, har ranar da jiki zai karɓi bashinsa da jijjiga ko taɓin hankali. Irin wannan ɓarna ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018.

Mu dubi kuturu kuma. Babban abin da ke cinye masa yatsu shi ne mutuwar jijiyoyi: wuta ta ƙone shi, ƙaya ta soke shi, bai sani ba, sai miki ya ruɓe. Haka nan a 2006 masana a Jami'ar Kambirij suka ba da labarin waɗansu yara a Pakistan da aka haifa ba sa jin zafi ko kaɗan, ga shi duk sun sha raunuka a harshe da leɓe, waɗansu har da karaya. Ashe ciwo ɗan aike ne da Allah Ya ajiye mana a jiki.

Ba na musun alherin likitanci. Allurar kashe zafi a ɗakin tiyata rahama ce, haka ma maganin da ake bai wa masu taɓin hankali a asibitin Dawanau. Amma likita yakan kwantar da zafin ne don ya kai ga cutar. In aka cire wa jama'a jin zafi ɗungum, wa zai yi kukan yunwa ko zalunci har hukuma ta ji? Wa zai tausaya wa maraya?

Madatsar ruwan Challawa da aka gama a ƙasar Ƙaraye a 1992 aikin kimiyya ce, kuma irinta muke bukata, wato mai tunkarar tushen wahala. Don haka ina kira ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibanmu, su mai da ilminsu ga samar da ruwan sha, da taki, da magani, da hanyoyin kai amfanin gona kasuwa. In aka rage wa manomi nauyin da ke kansa, ba sai an taɓa masa ƙwaƙwalwa ba. Allah Ya sa mu gane, amin.