Sharhi: Me ya sa taransifoman unguwa ke ƙonewa duk bazara?

Da zarar zafin Afrilu da Mayu ya kankama, duhu iri biyu ake fama da shi a biranen Nijar. Akwai na rabon wuta, lokacin da abin da kamfanin NIGELEC ke da shi bai kai buƙatar jama'a ba. Akwai kuma wanda ya fi ɓata rai: unguwa guda ta kwana a duhu alhali maƙwabtanta na da kuran, ko gida ya ga fitila tana ci a gidan da ke kallonsa, shi kuwa ko ƙyalli. Irin wannan, yawanci daga kan taransifoman unguwar yake tasowa.

Tun watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hankali ya koma kan inda za a samo wutar. Ba abin mamaki ba ne, domin kafin nan kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, Najeriya ma ta maido da wutar a watan Maris na 2024. Sai dai ko megawat nawa aka ƙara, dole ya bi ta akwatin ƙarfen nan da ke rataye a poto kafin ya shiga ɗakin kowa.

Lissafin ba shi da wuya. Taransifoma mai ƙarfin kVA 160, irin wanda ake ɗorawa a kan poto, yana iya ba da kusan amfiya 230 a kowane ɗaya daga cikin layukansa uku. Kilim ɗaya mai doki ɗaya da rabi yana jan amfiya 5 zuwa 6. Ke nan kilim 40 sun isa su cika layi guda, ba a ma ƙirga firigo da fanka da injin niƙa ba. Unguwar da aka auna wa taransifoma lokacin tana fitila da rediyo, yau ta cika da gidajen bene, da yawansu da kuɗin ƴan ci-rani aka gina su.

A nan ne fizibil ke shigowa. Ɗan ƙarfe ne da aka ƙera domin ya narke idan kuran ya wuce kima, ya yanke layin kafin zafi ya kai ga taransifoma. Idan ya narke sau biyu sau uku a mako, jama'a sukan ce fizibil ɗin ne ba shi da kyau, alhali aikinsa ya yi. Sai a kira wani mai gyaran wuta na unguwa, a yi masa karo-karo, ya ɗaura wayar tagulla mai kauri a gurbinsa. Wuta ta dawo, yara su yi sowa. Amma wayar nan ba za ta narke ba, don haka zafin ya koma cikin man taransifoman da takardar da ke raba wayoyinsa na ciki. Injiniyoyi na da ƙa'ida: duk ƙarin digiri 6 zuwa 8 a kan zafin da aka ƙayyade yana rage rabin rayuwar wannan takarda. A garin da inuwa ma kan kai digiri 45, ba a daɗe ana jira. An guje wa duhun awa biyu, an sayi na makonni.

Wayoyin da ke fita zuwa gidaje su ma da nasu. Idan aka jibge yawancin gidaje a kan layi ɗaya aka bar biyu babu nauyi, wannan ɗayan ne zai riƙa faɗuwa. Waya siririya da aka ja nesa tana rage ƙarfin wuta, injin firigo ya yi ta gurnani har ya ƙone. Mahaɗar alminiyom da tagulla da ba a matse da abin da ya dace ba tana tsatsa, ta yi zafi. Mafi muni shi ne tsinkewar wayar ta huɗu, wadda ma'aikata ke kira nutur: gidan da ya saba da volt 220 yana iya samun kusan 380, talabijin da caja da firigo su tafi cikin ƙiftawar ido.

Kuɗi sun shigo wannan fanni. Shirin NELACEP na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2015, ya haɗa da ƙarfafa layukan rarraba wuta a manyan birane, sai shirin HASKE ya biyo baya a 2021. Amma shelar da aka fi ji ita ce ta yawan sababbin gidajen da aka jona wa wuta, kuma kowane sabon gida ƙarin kaya ne a kan wani taransifoma. Abin da ya kamata hukumar ARSE mai sa ido a fannin makamashi ta nema a wallafa shi ne taransifoma nawa ke aiki fiye da ƙarfinsu a kowane birni, da kwana nawa ake ɗauka kafin a sauya wanda ya ƙone. Auna nauyin layuka da daidaita su aiki ne na watan Janairu da Fabrairu, tun sanyi bai tafi ba.