A bar hawainiya ta yi tafiyarta

Ran nan, a bakin gona, na iske yara sun kewaye hawainiya, kowa da dutse a hannu. Na ce: «Mi ta yi muku?» Suka ce: «Baba, dafi gare ta!»

Jama'a, ba haka ba ne. Hawainiya ba ta da dafi. In ta buɗe baki tana huci, tsoro ne ya kama ta. Sauya launin da take yi kuma ba tsafi ba ne. Zafin rana, ko sanyi, ko fushi, su ke sa ta sake kama.

Ku dubi aikinta. Idanunta biyu, kowane da inda yake kallo. Da ta hangi fara ko ƙuda, sai ta harba dogon harshenta, wanda ya kan fi tsawon jikinta, ta cafke. Farar nan kuwa ita ce mai cin amfanin gonarmu. Ashe hawainiya ƴar aikin manomi ce, ba ta karɓar ko dala.

A duniya akwai irin hawainiya fiye da 200. Wajen rabinsu suna Madagaska, wani babban tsibiri da ke gabas da Afirka. A shekarar 2021, masana suka ba da labarin wata sabuwa da suka gano can. Tsawon namijin, har wutsiya, santimita 2 ne da ɗan kaɗan. Bisa kan yatsa yake zama! Amma dazuzzukan tsibirin suna ta raguwa saboda sara da wuta. In daji ya ƙare, wata halitta za ta ɓace tun ba a san ta ba.

To, mu ma nan haka ne. Hawainiya ba ta da sauri. In an sa wa daji wuta, zomo ya gudu, tsuntsu ya tashi, ita sai ta ƙone. In an tumɓuke sabara da kalgo, ina za ta zauna?

Manoman Maradi sun nuna hanya da sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a gyara shi, ya zama itace. Ƙasa ta huta, hawainiya ta samu gida.

Mun saba cewa: «Hawainiyarka ta kiyayi ramata.» Amma hawainiya ba ta ci ramar kowa ba. Mu ne ya kamata mu kiyaye ta. Mu hana yaranmu jifarta, mu daina ƙone daji.