Ko Na'ura Tana Da Alamar Kunne

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kan kwamfuta, ya zama tilas yaron Kademi ya iya sarrafa na'urar nan kamar yadda ɗan birnin Kano ya iya, in ba haka ba kuwa an tafi an bar shi. Saboda haka duk makarantar da ta sami kwamfuta a ƙasar Gaya da Ajingi ta sami dukiya, kuma amana ce a wuyan hedimasta. Abin da muke so mu jawo hankalin malamai a kai shi ne yadda za a shaida wannan dukiya ran da ta ɓata.

Makiyayi ba ya rikita saniyarsa da ta wani, don ya san alamar da ya yi mata a kunne. To, haka kowace na'ura mai shiga intanet take da lambar da maƙeranta suka yi mata, ana ce da ita MAC. Baƙaƙe 12 ne, alƙaluma daga 0 zuwa 9 gauraye da haruffa daga A zuwa F, an jera su bibbiyu. Shida na farko su ke nuna kamfanin da ya ƙera, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ke Amurka ita ke raba su. Shida na ƙarshe kuwa kamfanin ne ke ba kowace na'ura nata. Kwamfutar da ke da kafar waya kuma tana da Wi-Fi, lamba biyu gare ta. Kada a haɗa wannan da adireshin IP, shi kamar masaukin baƙo ne, yau nan gobe can.

Amma fa kada wani ya zaci lambar nan za ta bi sawun ɓarawo har birni. Ba ta wuce na'urar da ke rarraba intanet a ɗakin, kuma mai wayo yana iya lulluɓe ta da ta ƙarya. Amfaninta shi ne shaida. In an kama kaya, mai lamba a rubuce shi ke da bakin magana gaban alƙali, wanda ya ce "baƙa ce mai tabo a gefe" kuwa sai ya yi ta rantsuwa a banza. Wayar hannu ma tana da wata lambar, IMEI, mai alƙaluma 15, in an danna *#06# sai ta fito.

Abin takaici, littafin kayan makaranta yakan ce "kwamfuta biyar" kurum, sai ka ce ana ƙidayar tabarmi. Lalle ne kowane hedimasta ya sa malamin kwamfuta ya buɗe saitin kowace ɗaya, ya kwafe lambarta tare da lambar da ke manne a jikinta. A aika da kwafe ɗaya ofishin ilmi, kuma in an yi wa hedimasta canji, kada wanda ya gaje shi ya sa hannu sai ya gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya.