Rigimar Zubar da Ciki a Amurka, da Rabon Ƙasar Gumel a Cikinta

 

Ran 24 ga watan Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta Amurka ta warware hukuncin da ta yanke tun 1973, wanda ya ba mace ikon zubar da ciki ko'ina cikin ƙasar. Ta mayar da al'amarin hannun jihohi, kowace ta yi dokarta. Nan da nan 'yan siyasa suka mai da maganar abin neman ƙuri'a. Jihohi fiye da goma suka hana abin kusan ɗungum. A jihar Kansas kuwa aka tambayi talakawa cikin watan Agusta na shekarar, mutum 59 cikin ɗari suka ce a bar wa mata ikonsu. Labari ya ƙetare teku, har Majalisar Faransa ta zauna ran 4 ga Maris, 2024, ta shigar da wannan iko cikin tsarin mulki, masu yarda 780, masu ƙi 72.

Malami a Gumel ko falke a kasuwar Maigatari ya iya cewa, ina ruwan biri da gada? Lalle a nan ba a taɓa ba da wannan iko ba, balle a ce an ƙwace shi. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, watau Final Kod ta 1959, sashe na 232, ta tanadi ɗauri har shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace ciki, sai fa in da kyakkyawar niyya ya yi domin ceton ranta. Malikiyya ma ta tsananta, gama mashahurin zance a mazhabar shi ne hani ko kafin kwana 40, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ya san gurrar ɗan tayi dinari 50 ce ko dirhami 600. Duk da haka malaman fatawa na wannan zamani sun tafi a kan cewa in likitoci amintattu sun tabbatar ran uwa na cikin halaka, ita ake ceto, domin ita ce asali. Ashe dokar ƙasa da shari'a duka sun bar ƙofa guda a buɗe. Rigimar Amurka kuwa tana taɓa wannan ƙofa ta hanya biyu.

Ta farko kuɗi ne. Tun 1984, zamanin Shugaba Reagan, Amurka ta fito da ƙa'ida mai hana taimakonta ga ƙungiyoyin waje masu aikin zubar da ciki ko masu ba da shawara a kansa. Jam'iyya ɗaya in ta hau mulki ta soke, ɗayar in ta dawo ta mayar. Shugaba Trump ya mayar da ita cikin Janairu, 2025, sa'an nan a shekarar aka rufe hukumar ba da taimako ta USAID baki ɗaya. A lokacin, aikin lafiya mai yawa a Nijeriya da wannan kuɗi yake tafiya, shi ya sa Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 cikin kasafin 2025 don toshe giɓin.

Ta biyu tsoro ne. A ƙarshen Yuni, 2022, gwamnatin Legas ta fitar da littafin jagora ga likitoci, mai bayyana lokacin da doka ta yarda a cire ciki. Shugabannin addini suka ta da murya, ba a yi sati biyu ba Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da shi. Likitan da ba shi da takardar da za ta kāre shi, jinkiri zai yi, jini kuwa ba ya jira.

Mai karatu ya duba halin matar da ta yi ɓari da dare a wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar. Mijinta na tsoron tsegumi, ma'aikacin asibiti na tsoron ɗan sanda, gama kayan wankin ciki bayan ɓari su ne na zubar da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya cikin 2023 a sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka.

Saboda haka kowa da nasa aiki. Malamai su bayyana a wajen karatu da kan mumbari cewa jinyar ɓari da ceton ran uwa ba su ne zubar da cikin da aka hana ba, kuma mijin da ya hana a kai matarsa asibiti tana zubar da jini ya ɗauki alhaki. Masu kemis da masu tallan magani ran Alhamis a Maigatari su daina miƙa wa mata ƙwayoyi ba da takardar likita ba. Masu neman kujera kuwa, in sun zo gaisuwa zaure, a tambaye su abin da ke hannunsu. Shin akwai jini a ajiye a babban asibitin Gumel, ko sai an nufi Jahun, inda likitocin MSF ke karɓar haihuwa tun 2008? Shin fiɗa kyauta da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi wa mata matalauta alkawari cikin Nuwamba, 2024, ta iso? Ungozoma nawa ke kwana a asibitin gunduma, kuma wace mota ce za ta ɗauko mai naƙuda da damina? Yaushe Ma'aikatar Lafiya ta Dutse za ta zauna da malamai da likitoci a rubuta ƙa'ida bayyananna, kada a maimaita abin da ya faru a Legas?

Wanda ya amsa da aiki ya cancanci ƙuri'a. Wanda ya kauce ya shiga zagin Turawa, a sake maimaita masa tambayar. Allah ya sauki mata lafiya, amin.