Sunan da Aka Ɓoye a Cikin Wasa

A shekarar 1980 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da wasan bidiyo mai suna Adventure. Kamfanin ba ya sanya sunayen masu ƙirƙira a wasanninsa, sai Warren Robinett ya gina ɓoyayyen ɗaki a ciki, ya rubuta sunansa. Ɗakin ba ya shiguwa sai ɗan wasa ya tsinto wani ƙanƙanin ɗigo da ya saje da bango.

Har yau ana gasar farautar irin waɗannan alamomi a intanet, kuma ina da ɗalibai a nan Mando da ke kwana a kanta. Iyaye na kiran abin shiririta. Ni kuwa kacici-kacici nake gani cikin sabuwar riga: lura, haƙuri, gwadawa da sake gwadawa, waɗanda su ne jarin mai bincike.

Abin takaici, ɗalibin da zai bi sawun ɗigo kwana uku shi ne ke kwafo aikin aji. Laifin namu ne malamai, domin tambayoyinmu hadda suke nema. Mu riƙa ba su tambayar da sai an tona kafin a ga amsarta.