Mudu Biyu A Bakin Iyaka

A watan Maris na 2025 Faransa ta miƙa wa Aljeriya sunayen 'yan Aljeriya kimanin 60 da take son tasa ƙeyarsu gida. Aljeriya ta ƙi karɓar takardar. Hujjarta ita ce ba a mayar da mutane a dunƙule. Kowa da matsalarsa, a bi ta ƙananan ofisoshin jakadanci kamar yadda aka saba, a tabbatar da ko shi wane ne, a duba haƙƙinsa, domin kare ɗan ƙasa a waje wajibi ne a wuyan gwamnatinsa. Ni ban ga aibin wannan magana ba. Duk gwamnatin da ta san darajar mutanenta haka za ta ce.

A watan da ya biyo baya, Afrilu, mutum sama da 4,000 ne Aljeriya ta koro zuwa Assamaka, ƙaramin ƙauyen da ke bakin iyakarta da Nijar a jihar Agadas.

Yadda ake wannan kora ba ɓoyayyen abu ba ne. Ƙungiyoyin Amnesty da Human Rights Watch sun sha rubuta shi, likitocin MSF da ke aiki a Assamaka kuma su ne ke ɗaure raunukan waɗanda suka iso. Ana yin kamen ne kan mai uwa da wabi a Aljiyas da Oran da sauran garuruwan arewa: a wurin aikin gini, a gidan haya, a bakin titi, kuma sau da yawa launin fata ne ke nuna wanda za a kama. A zuba su a motocin safa zuwa Tamanrasset, tafiyar kusan kilomita 2,000, daga can a yi kudu da su a manyan motoci. 'Yan Nijar akan kai su har Assamaka a ayari, bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014. Sauran kuwa, 'yan Gini da Mali da Najeriya da Kamaru da Sudan, waɗanda babu yarjejeniyar da ta shafe su, akan sauke su a wani fili cikin hamada da ake kira Point Zero, a nuna musu kudu da hannu. Kilomita 15 ne tsakaninsu da ƙauyen, a ƙasa, cikin rairayi. Da yawa sun ba da labarin an karɓe musu waya da kuɗi tun a hanya. Akwai masu juna biyu a cikinsu, akwai yara, an ma samu masu riƙe da takardar neman mafaka ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a kira jakadan ƙasarsu ba, ladan aikin da suka bari a hannun 'yan kwangila kuma ya tafi ke nan. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda mutanenta ke fita da babura masu ƙafa uku suna tsinto waɗanda suka gaza, ta ƙirga sama da mutum 26,000 a 2023, sama da 31,000 a 2024.

Ba ina cewa Aljeriya ba ta da abin kuka ba ne. Duk wanda ya san Kance da ke jihar Damagaram ya san yadda mata ke kwasar yara, nasu da na aro, su tafi bara Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Wannan abin kunya ne a gare mu, kuma shi ya share fagen yarjejeniyar 2014. Ƙasa tana da ikon cewa wane zai zauna, wane zai tafi, babu mai hankalin da zai musa. Abin da nake magana a kai shi ne yadda ake fitar da mutum. A nan ne Aljeriya ta san daidai sarai, domin ta faɗe shi da bakinta a gaban Faransa.

Kuma idan akwai al'ummar da ya kamata jikinta ya gaya mata, to ita ce. A ranar 17 ga Oktoba 1961 'yan sandan Paris sun far wa 'yan Aljeriya masu zanga-zangar lumana, suka kashe da dama, aka jefa wasu a kogin Seine. Har yau ana juyayin ranar a kowace shekara. Har yau kuma samarin Aljeriya na shiga ƙananan jiragen ruwa suna nufar Sifaniya ba takarda, iyayensu na zaman jiran waya. Amma a 2017 Ahmed Ouyahia, yana shugaban ma'aikatan fadar shugaba Bouteflika, ya fito ya danganta baƙin haure 'yan Afirka da aikata laifi da miyagun ƙwayoyi. Irin maganar da masu ƙyamar baƙi a Faransa ke yi wa 'yan Aljeriya ke nan, babu ragi babu ƙari.

Mudu biyu ke nan: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Musulmi ya san akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu wannan hali, kuma malamai ba su taɓa taƙaita ta ga hatsi kaɗai ba.

Sai dai Bahaushen Najeriya ko na Gana da zai karanta wannan ya yi tsaki, ya ce halin Larabawa ne, to ya dakata tukuna.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama a Gana mako biyu ya fice. Sama da mutum 100,000 suka tashi, Yarabawa 'yan kasuwa da Hausawan zango da mutanen Nijar da na ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Cikin Hausawan akwai waɗanda fataucin goro ya kai kakanninsu Salaga da Kumasi tun kafin Bature ya ja layin iyaka. An haife su a can, ba su san hanyar Kano ko Katsina ba sai a bakin tsofaffi. Suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu suka rufe ƙofa kawai suka tafi. Najeriya ta ji zafin abin ƙwarai, kuma tana da gaskiya.

Shekara 13 da 'yan watanni bayan haka, a ranar 17 ga Janairu 1983, ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ya sanar da cewa gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin haure mako biyu su bar Najeriya. Mako biyun dai da aka ba mu a Gana. Kuɗin man fetur ya faɗi, ayyuka sun ƙafe, zaɓe na tafe a watan Agusta, rikicin Maitatsine na 1980 a Kano kuma ya ba da hujjar cewa baƙi ne ke kawo fitina. An ƙiyasta kusan mutum miliyan 2 suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Benin da Togo da Kamaru. Iyakar Gana a rufe take a lokacin, don haka dubbai suka yi cirko-cirko a Benin da Togo da tashar jiragen ruwa ta Apapa, wasu suka mutu a turmutsitsi da yunwa. Duk wannan bayan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS a 1979. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake yin wata korar. Jakar da mutanen suka ɗaure kayansu a ciki har yau Gana-mas-go muke ce mata, muna kai kayan lefe da ita ko a jikinmu.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne. To ga na kusa. A watan Fabrairu na 2012 hukumar shige da fice ta Najeriya ta sanar da cewa cikin wata shida ta mayar da baƙi kimanin 11,000 ƙasashensu, akasari 'yan Nijar da Chadi, saboda fargabar Boko Haram. Labarin ya wuce kamar ba a yi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Maris, Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin saman Johannesburg kan zargin katin rigakafin shawararsu na jabu ne. Ƙasa ta ɗauki zafi. Ministan harkokin waje Olugbenga Ashiru ya zargi Afirka ta Kudu da ƙyamar baƙi, Najeriya ta rama ta hanyar juya 'yan Afirka ta Kudu daga Legas, kafin mako ya zagayo an ba mu haƙuri a bainar jama'a.

Na yarda an wulaƙanta waɗannan 125, kuma daidai ne da aka tsaya musu. Abin da ke damuna shi ne 11,000 ɗin. Su wane ne? Duk mazaunin Kano ko Kaduna ko Abuja ya san irin mutanen da ake kwashewa idan an ce kamen baƙi: mai ga-ruwa, mai gadi, mai shayi, mai wankin takalmi, mai yankan farce, 'yan ci-rani da suka zo bayan an gama girbi da niyyar komawa kafin damina. Hausa ɗaya muke ji da su, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, wasu ma ƙauyensu da na kakanninmu gona ce kawai ta raba. Ba mu tambayi ko an ba su damar kwashe kayansu ba, ko an bar su sun karɓi bashin da suke bin mutane.

Dalilin wannan bambanci ba shi da wuyar ganewa. Ɗan ƙasar da aka wulaƙanta a waje yana da dangi a gida, suna da ƙuri'a, suna da baki a rediyo, tsaya masa riba ce ga ɗan siyasa. Baƙon da ke cikin gida ba shi da kowa, korarsa ma riba ce, musamman idan abinci ya yi tsada ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Sannan akwai duba ƙarfin maƙwabci. Afirka ta Kudu ta ba da haƙuri ne, a ganina, don tana da kamfanoni irin su MTN da ke cin kasuwa a Najeriya. Nijar ta kira jakadan Aljeriya a watan Afrilu na 2024 ta nuna ɓacin ranta kan muguntar da ake yi wajen korar, amma motoci ba su daina zuwa Point Zero ba. Ashe ba dokar ƙasa ake dubawa ba, abin da ake aunawa shi ne wa zai iya ramawa.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba, tunda kowacce ta riga ta nema wa nata. A rubuta sunan mutum, a saurare shi, a sanar da jakadan ƙasarsa, a bar shi ya ɗauki kayansa da ladan guminsa, a miƙa shi hannu da hannu ga jami'ai a ƙofar iyaka da rana tsaka. Idan Najeriya da Nijar suna so muryarsu ta yi nauyi a Aljiyas, sai a ga haka ake yi a garuruwan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni.

Sauraron nan kuwa ba baƙo kaɗai yake karewa ba. A ƙauyukanmu na bakin iyaka mutane da yawa ba su da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, ba don sun ƙi ba, sai don hukuma ba ta kai gare su ba. Ranar da aka ce duk mara takarda ya hau mota, ɗan ƙasa ma zai iya tsintar kansa a ciki. An taɓa yi. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, ta ce ɗan Chadi ne, ta tsallakar da shi iyaka. Babbar kotun Maiduguri ce ta saurari shaidu, ta tabbatar ɗan Najeriya ne, ta soke korar. Shugaba yana da jam'iyya, yana da lauyoyi, jaridu sun san sunansa. Mai ga-ruwan da aka kama a Sabon Gari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai fa idan doka ta tilasta a ji ta bakinsa kafin a sa shi a mota.