Asalin Kalma: Daga Guacamole zuwa Albasar Galmi

Ma'aikacin da aiki ya kai Turai ko Amurka yakan gamu da kalmar guacamole a takardar abincin otel, ya zaci wani babban abu ne. Alhali ma'anarta ba ta wuce "miyar aboka" ba. Asalinta Nahuwatal ne, harshen Aztek na ƙasar Meksiko: ahuacatl shi ne aboka, molli kuwa miya. Bayan da Sifaniyawa suka ci birnin Tenochtitlan a 1521, bakinsu ya lanƙwasa kalmar, daga nan ta bazu cikin duniya.

Abubuwan da akan kirɓa tare da abokar ba baƙi ba ne ga manoman rani na Madawa, Buza da Keita: albasa, tumatir da tonka. Tumatir ma ɗan gida ɗaya ne da guacamole, domin tomatl Aztek ke ce masa, Turawa suka iso da sunan. Albasa kuwa daga al-basal na Larabci ta fito.

Ke nan kalma fatauci take yi, kamar buhu. Albasar da ake nomawa a fadamar Tarka, idan ta isa Abijan ko Akara, da sunan Galmi mai saye ke nemanta, kuma sunan ke tsayar da farashi. Ɗan kasuwar da ya cusa ruɓaɓɓiya a gindin buhu, sunan manoma dubbai yake ɓatawa. Suna linzami ne.